Kafin Ka Cika Sito: Jagora Ga Mai Sayen Kaya Ya Jira Tsada

Daga tsakiyar Oktoba, idan aka fara yankan shinkafar damina a filayen Kadawa da Kura da Bunkure, magana ɗaya ce ke yawo a bakin dillalai: "Alhaji, sari ka ajiye, bana kaya zai yanke." Ana faɗinta a kan shanshera da kaka, ana faɗinta a kan albasa a watan Maris, ana faɗinta a Kwanar Gafan a kan busasshen tumatir sa'ad da kwanduna suka yi yawa har aka rasa mai tayawa. Wata shekarar maganar takan tabbata, mutum ya ninka jarinsa cikin wata biyar. Wata shekarar kuma da ita ake raba bawan Allah da abin da ya daɗe yana tarawa. Ajiya sana'a ce mai ƙa'ida, kuma kafin ka ƙirga ko sisi akwai tambayar da dole ka amsa: wannan ƙarancin da kake jira, mabuɗinsa yana hannun wa, kuma yaushe mai shi zai iya buɗewa?

Bari mu leƙa wata kasuwa mai nisa, domin a can abin ya fi fitowa fili. A garin Billund na ƙasar Denmak akwai kamfanin Lego, wanda wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa a 1932. Ƙananan tubalan roba yake yi masu maƙalewa da juna, yara su harhaɗa su gina gida ko mota ko jirgi, kowane kwali da lambarsa da zanen abin da za a gina. Al'adar kamfanin ita ce ya yi 'yan shekaru yana buga kwali, sannan ya daina, galibi a ƙarshen shekara. A kan wannan al'ada wata sana'a ta tsiro a Turai da Amurka. Mutane kan saye kwalayen da suke zaton an kusa daina bugawa, su jibge a ɗaki ba tare da sun ɓare ba, su zauna jira. Da zarar wani kwali ya yi wuyar gani a kantuna, sai gardama ta kaure a tsakaninsu: wasu su ce an daina shi ke nan, a yi maza a kwashe ragowar, wasu su ce jirgin ruwa ne ya makara, kaya na hanya. Wani bincike da Victoria Dobrynskaya ta jagoranta a wata jami'a ta birnin Mosko ya bi farashin kwalaye sama da 2,000 daga 1987 zuwa 2015, ya gano cewa idan aka haɗa aka raba, darajarsu na ƙaruwa da kusan kashi 11 cikin ɗari a shekara. A cikin wannan lissafi akwai waɗanda suka ninka sau da yawa, akwai kuma waɗanda ƙasa suka yi.

A 2008 kamfanin ya fitar da kwalin ginin Taj Mahal mai guntu 5,922 a kan dala 300. Bayan an daina shi, farashinsa a hannun masu ajiya ya yi ta hawa har ya ninka sau da yawa, kuma wasu suka ci gaba da saye a wannan tsada suna jiran ƙari. A 2017 sai kamfanin ya sake buga shi, kusan yadda yake, a kan dala 370. Duk wanda ya saya a tsada ya kwana da asara, alhali kwalinsa na nan lafiya lau ko ƙura bai yi ba. Mai injin ne ya ga dama ya sake kunna injinsa.

Ga 'yan'uwanmu masu sarin kayan wasan yara a Sabon Gari da Ƙofar Wambai su baza a Kura da Bunkure gab da Sallah, maganar gajeriya ce. Bindigar ruwa da motar roba da 'yar tsana da tabarau daga Caina suke fitowa, daga masana'antun yankin Shantou da babbar kasuwar Yiwu, kuma ba a daina yin su, sai dai a sauya launi. Farashinsu dala yake bi da kuɗin jirgi da na kwastan. Kwana uku bayan Sallah kasuwarsu ta mutu, roba kuwa zafin ɗaki na busar da ita ta riƙa tsagewa, batir ya zube a ciki. Idan mai shago ya ce maka kaya zai yanke, sari abin da za ka iya sayarwa kafin yara su gama yawon Sallah, ka bar masa sauran.

Masu riƙe da mabuɗi a Kadawa

Na farko ruwan Tiga ne. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma daga gare ta magudanai ke kai ruwa filayen Bunkure da Garun Malam da Kura, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Saboda wannan ruwa kaka biyu gare mu. Wanda ya sayi gero a Dawanau a Nuwamba ya san sabon gero ba zai fito ba sai ƙarshen damina mai zuwa. Wanda ya sayi shanshera a Kura a Nuwamba kuwa, shinkafar rani za ta tarar da shi wajen Mayu zuwa Yuni. Tazararsa wata biyar ce ko shida, kuma a cikinta dole ya shiga ya fita. Don haka kafin ka saya, tashi ka taka da ƙafarka. Tambayi shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ko za a saki ruwa kan lokaci, ko kuwa za a rufe don gyaran magudanai kamar yadda aka yi a lokacin aikin TRIMING na Bankin Duniya. Sannan kada ka tsaya a kan filin garinku kaɗai. Manyan injinan casa na Kano daga nesa suke jawo shanshera, daga Haɗeja da Auyo da Kebbi da Taraba. Ana iya yin ƙarancin amfani a Kura amma farashi ya ƙi motsi, saboda tireloli na shigowa daga inda aka samu albarka.

Na biyu gwamnati ce, kuma ita ba ta shawara da mai sito. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, masu ajiya suka ji daɗi. Ran 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta, daga nan har cikin 2024 kusan komai ka ajiye sai ka tarar ya tashi. Nan ne mutane da yawa suka ruɗu. Ma'aikatan gwamnati da malaman makaranta da masu shagon waya suka shiga ajiya, kowa na ganin ya gano hanya, alhali darajar naira ce ke zubewa. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a goge ba na tsawon kwana 150. A Satumban shekarar kuma Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shinkafa, ta janye takunkumin da ta sa wa fitar da farar shinkafa tun Yulin 2023, farashin duniya ya sauko. Da aka shiga 2025 kasuwar hatsi ta karye, kuma da yawa daga waɗanda suka saya da tsada a kakar 2024 sun sayar ƙasa da uwar kuɗi. Wanda ke sauraron rediyo da kunnen ɗan kasuwa ya ji alamun tun watanni kafin nan.

Na uku ƙwari ne da cuta. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, har masana'antar Ɗangote ta Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa markaɗa tan 1,200 a rana, ta tsaya saboda rashin abin markaɗawa a shekarar da aka buɗe ta. Masu kauɗa a ɗaki, wato busasshen tumatir, sun samu alheri a lokacin. Amma irin wannan ƙaranci babu mai iya shirya masa, kuma kaka ɗaya ke share shi. Ni dai ba na son in ga Musulmi ya gina lissafinsa a kan gonar maƙwabcinsa ta lalace.

Akwai kuma masu dogara da azumi, su ce ai da watan ya tsaya kaya zai tashi. A tuna cewa azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. A 2025 farkon Maris ya kama, lokacin da tumatir da albasa ke kwance a kasuwa. Lissafin da ya yi wa mahaifinka aiki sa'ad da azumi ke faɗowa tsakiyar damina ba lalle ya yi maka ba.

Ranar saye

Sayi abin da ka sani, da kuɗin da babu mai tambayarka su har wata shida. Kuɗin takin rani ba na ajiya ba ne, kuɗin bashi ma haka, domin mai bin ka zai zo daidai ranar da kasuwa ta fi sanyi ya tilasta maka sayarwa. Kada ka yarda da cinikin biri a sama, a ce maka kayan na ƙauye ka turo kuɗi. Kuma kada ka yi gaggawar farkon kaka. Shinkafar da aka fara yanka takan zo da danshi, farashinta bai gama sauka ba. Jira har masussuka su cika, motoci su fara layi.

Ga yadda ake duba shanshera. Soka ƙarfen ɗiban samfur a bakin buhu, da tsakiya, da gindi, domin mai algus a gindi yake ɓoye ɓarnarsa. Zuba a tafin hannu ka hura, ka ga yawan ƙaiƙayin da ya tashi. Murza 'yan ƙwayoyi ka ɓare, ka sa ɗaya a haƙori. Busasshiya takan fashe da ƙara, ƙas, ta rabu biyu. Mai danshi takan lotsa, haƙori ya bar mata shaida. Kwance bakin buhu ka zura hannu har gwiwar hannu: idan ka ji ɗumi, ta fara zafi a ciki, kuma tsabarta za ta fito rawaya a inji. Sansana, warin fumfuna ba ya ɓuya. Zuba cikin hannu guda a kofin ruwa, marasa tsaba za su taso sama, yashi ya kwanta ƙasa. Dubi tsawon ƙwaya ka tabbata iri ɗaya ne, domin Sipi da aka gauraya da Jamila ko Wita ba ta samun farashin ko ɗaya daga cikinsu a wurin masu inji.

Idan kana da na'urar gwada danshi, abin da kake nema shi ne kashi 14 cikin ɗari ko ƙasa da haka, kuma in ajiyar za ta yi watanni, 13 ya fi kwanciyar hankali. Idan babu, nemi kwalbar gilashi busasshiya, ka zuba shinkafa da cokalin gishirin da ka shanya ya bushe sosai, ka rufe ka girgiza, ka bar ta ɗan lokaci. Gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kilo 100 mai danshi 20 idan ta bushe zuwa 14 kilo 93 take komawa. Kilo 7 ruwa ka saya da kuɗin shinkafa. Manyan injina da sikeli suke saye, in kuma a buhu za ka sayar, za ka ga buhun ya saki dole ka ciko. In ya zama dole ka sayi mai danshi, rage kuɗin, ka shanya a kan tamfol ba da kauri ba, ana juyawa. Shanya a gefen kwalta da tsakar rana na kawo tsakuwa, kuma zafin na tsaga tsaba a cikin ɓawonta, ta fito a kakkarye. Ajiye ta a shanshera ya fi ajiye gyararriya, domin ɓawon na kare ta daga ƙwaro da sauyin launi.

Sito kuwa, hau ka dubi rufinsa da rana tsaka, duk inda haske ya ratso ruwa ma zai ratso. Share shi tas, ka toshe ramukan ɓera da siminti. Jera katako a ƙasa kada buhu ya taɓa daɓe, ka bar tazarar hannu guda tsakanin kaya da bango, ka bar hanya a tsakiya da za ka riƙa ratsawa kana dubawa. Jera buhuna a gicciye, sahu a kan sahu, yadda ba za su zame ba kuma ƙirga zai yi sauƙi. Ka riƙa shiga kowane mako, ka taɓa, ka sansana, ka dubi ƙasa ko akwai garin da ƙwaro ya zubar. Masara da wake sun fi shanshera jan ƙwaro. Su nemi buhun PICS mai ciki uku, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu tun 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a matse iska a ɗaure kowanne dabam. Ƙwaron kan mutu saboda rashin iska, ba sai da magani ba, muddin ledar ba ta huje ba kuma ba a yawan buɗewa.

A kan magani ina roƙon a ji ni da kyau. Ƙwayar fostoksin iska mai guba take fitarwa, kuma tana kashe mutum kamar yadda take kashe ƙwaro. Ba a sa ta a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da na kwana, ko inda yara ke shiga. A bar wa wanda ya san aikinta. Fiya-fiya kuwa ba ta da wuri a jikin abinci ko kaɗan. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, kuma waken da aka ƙi karɓa a can irinsa ne 'ya'yanmu ke ci a nan.

Lissafin da akan tsallake

Mu ɗauka, don misali kawai, ka sayi buhu a naira 40,000. La'adar dillali, kuɗin dako, mota, sabon buhu, hayar sito da ladan mai gadi, a ce sun ci 2,500 a kan kowane buhu. Ya zama 42,500. Idan kayan ya ragu da kashi 7 cikin ɗari saboda bushewa, buhun da ya rage maka ya tsaya a kan kusan 45,700. Bayan wata biyar aka taya 50,000, sai ka ji mutum na cewa ya ci ribar dubu goma a buhu. Ribarsa ta gaskiya ba ta kai dubu biyar ba. Kuma a shekara irin 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, abin da naira 45,700 ta saya a Nuwamba sai da sama da 51,000 za a saye shi a Afrilu. Ma'ana mutumin nan ya karɓi kuɗi masu yawa a ƙirga, amma taki da man inji da zai iya saya da su sun ragu. Rubuta wannan lissafi a littafi ranar da ka saya, ka fitar da farashin da in ba a kai shi ba ka faɗi, da wanda in an kai shi za ka saki kaya. Sa'an nan ka tambayi kanka: da na sa kuɗin nan a noman rani ko kiwon raguna, me zan samu? In ajiya ba ta fi su ba, babu dalilin ɗaure kuɗi a sito.

Albasa ta fi kowane kaya ban sha'awa a lissafin baki, ita ce kuma ta fi sa kuka. Ana cire ta tsakanin Fabrairu da Afrilu tana araha, ta yi tsada wajen Oktoba zuwa Disamba, kuma tazarar farashin na da faɗi ƙwarai. Amma rai gare ta, tana numfashi, tana ramewa, tana tsiro, tana ruɓewa. Ajiyarta daga gona take farawa, don haka sayi ta manomin da ka sani. Wadda aka cika wa takin yuriya takan yi girma da kyan gani, amma ruwa ne, ba ta jure ajiya. Wadda aka yanke wa ruwa kafin cira, aka bari ganyenta ya kwanta da kansa, aka bar ta a inuwa har wuyanta ya bushe, ita ake nema. Kama wuyan da yatsu biyu ka murza. Idan siriri ne busasshe yana ƙara kamar takarda, ta yi. Idan mai kauri ne yana santsi, ta nan ruɓa za ta shiga. Jar albasa mai yaji irin 'yar Galmi ta Nijar ta fi fara daɗewa. Ba a ajiye albasa a buhu a rufaffen ɗaki. Rumfa take so mai rufin ciyawa da iska ke ratsawa, a kan gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, a baza ta ba da zurfi ba, a riƙa tsince ruɓaɓɓu duk mako domin ɗaya na ɓata na kusa da ita. Da damina ta sauka laima ke ƙaruwa, aikin ya ninka. Ka sa a ranka cewa in ka zuba buhu 100 a naira 20,000 ka fitar da 67, kowane buhu ya tsaya maka a kan kusan 30,000 tun ba a sa kuɗin rumfa da na masu tsinta ba. Wanda ba zai iya zuwa rumfarsa kowane mako ba, ya bar albasa.

Kauɗa ta fi sauƙi. A yanka nunannen tumatir mai lafiya, a shanya a kan tamfol ko tabarma, domin wadda aka baza a ƙasa yashi take kwasa kuma mata sun san ta da ganin ido. Launi ne kuɗinta. Ja mai haske ake nema, kuma laimar damina na mai da ita baƙa. A ɗaure ta da kyau a wuri busasshe, a fitar da ita daga Mayu zuwa Agusta lokacin da ɗanye ya yi wuya. Kada a jira ta shekara.

Halal da haram, da hukuma

Akwai hadisi ingantacce a Sahihu Muslim da ya kira mai ɓoye abinci mai laifi. Malaman Malikiyya sun yi bayanin iyakarsa: manomin da ya ajiye amfanin gonarsa, da wanda ya saya lokacin da kaya ya wadata ba tare da ya cutar da kasuwa ba, ba su shiga ciki ba. Wanda ya shiga shi ne mai kwashe abinci har ya ƙuntata wa jama'a, ko mai riƙewa alhali mutane na cikin yunwa, kuma a irin wannan hali shugaba na da ikon tilasta masa ya fitar ya sayar. A ganina mai ajiya na gaskiya yana da amfani ga gari. Ba don shi ba, da farashin kaka ya faɗi warwas manomi ya rasa kuɗin takinsa, da bazara kuma a rasa abin awo. Amfaninsa na tabbata ne ranar da ya buɗe sito. Idan ka ga magidanta na dawowa daga kasuwa da rabin kwano kai kuma kana cewa bari ta ƙara hawa, ka fita daga sahun 'yan kasuwa. Hukuma ma tana kallo: a Fabrairun 2024 Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Riƙe takardun sayenka, ka zama sananne a wurin shugabannin kasuwa.

Zakka kuma tana nan. A Malikiyya an bambanta mai juya kaya kullum, wanda ke yi wa hajarsa kuɗi duk shekara ya fitar, da mai jiran kasuwa, wanda ke fitarwa idan ya sayar, matuƙar jarin ya shekara kuma kuɗin sun kai nisabi. Ɗaya cikin arba'in ne. Je wurin malaminku da littafin lissafinka ya duba maka wanne ne kai.

Ranar sayarwa

Babu mai sanin ƙololuwar farashi sai ta wuce, don haka kada ka neme ta. Raba kayanka uku. Kashi na farko ka sake shi da zarar an kai farashin da ka rubuta, ka mai da yawancin uwar kuɗinka aljihu. Na biyu ka bi kasuwa da shi. Na uku ka sa masa ranar ƙarshe, wata guda kafin sabon kaya ya fito, kuma in ranar ta zo ka sayar ko nawa ake ciki. Ga shanshera wannan rana ba ta wuce Afrilu. Tsohuwar shinkafa ba ta gasa da sabuwa, kuma duk masu ajiya rana ɗaya suke firgita su fito da kaya.

Alamun saukar kasuwa a bayyane suke ga mai lura. Ka bi hanyar Kura zuwa Kadawa a Fabrairu ka ga dashen rani ya rufe filaye kore shar. Masu inji su fara rage saye, ko su ce ka kawo za su biya bayan mako biyu. Shinkafar waje ta bayyana a kasuwar Singa da araha. Dala ta tsaya wuri ɗaya ko ta fara sauka. Dillalin da ke rarrashinka ka riƙe ya koma kawo maka tayin kayan wasu. Biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, kada ka jira na uku.

Ka tsaya da kanka a kan sikeli, ka ƙirga buhuna da bakinka yayin lodi. Kada mota ta tashi sai ka duba asusunka ka ga kuɗin sun zauna, domin saƙon waya kaɗai ba shaida ba ne, ana yin na bogi. Bashi ga mai inji, in ya zama dole, a rubuta da shaidu da rana. Bayan kaya ya fita, share sito har kusurwoyi, ka fitar da katakon ka shanya a rana, ka raba tsofaffin buhuna da wurin, domin a jikinsu ƙwaron bana ke zama ya shiga kayan baɗi. Sannan ka rufe shafin littafin da abin da ka saya, da abin da ya ragu, da abin da ka karɓa, da kwanan watan da farashi ya juya, ka ajiye shi inda za ka same shi a Oktoba.